Hatimin Maoqing a Ƙofofi Arba'in

Zuwa ga ƙanina Maoqing, a Beijin.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mun gan ka a talabijin kana karɓar kyautar littafinka, kwat ta yi maka yawa kamar ta aro. Barka dai.

Ga dalilin wasiƙata. Shekara talatin da ɗaya ni nake rubuta wa ƙauyen nan jajayen takardun fatan alheri da ake mannawa a ƙofa ranar sabuwar shekara. A kawo takarda da ɗan ƙunshin awara, a tsaya ana kallon hannuna. Bana ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Na niƙa tawada har ta bushe. Kowa sai ya ce na Maoqing yake jira, har Gwaggo Pei da ba ta iya karatu ba. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana cina. Ka kwashe duniya, ka bar mini ƙofofi arba'in mana!

Ka huta lafiya.
Yayanka, Maolin.

Yaya Maolin,

Ina gaisuwa cikin girmamawa. Ka rufa mini asiri! Shugaban ƙauye ya roƙe ni ta waya in rubuta na bana, kunya ta hana ni cewa a'a. Kai ka san hannuna, Baba cewa yake yi tonon kaza ya fi shi. Littattafaina tara, dukkansu da na'ura na buga su. Rabona da burushin rubutu tun muna yara, ina kallon naka ina cizon yatsa.

Ga hatimina cikin ƙunshin nan. Rubuta, ka buga musu shi, ka ce ni na aiko. Wa zai sani?

A gaida gida.
Ƙaninka, Maoqing.

Maoqing,

Ina gaisuwa. Na rubuta, na buga hatimin. Kwana uku ina tsaye a kansu don kada a yi maka dariya, kuma ban taɓa yin masu kyansu ba.

An manna. Jiya Gwaggo Pei ta ja hannun rigata har bakin ƙofarta, ta ce, "Maolin, buɗe idonka da kyau! Wannan shi ne rubutu, ba jagwalgwalon da kake mana shekara da shekaru ba. Ka ajiye girman kai, ka roƙi yaron nan ya koya maka."

Na ce, "To, Gwaggo."

Ga hatiminka nan na mayar. Na haɗa maka da burushina. Baɗi ka yi da hannunka.

Sai wata rana.
Maolin.