Albarkar da Sabis Ya Yanke

Kankara, Talata

Yaya Bilya, salamu alaikum. Ya iyali, ya kasuwar Sabuwa?

Albishirinka! Jan waken Baba da na ɗora hotonsa a waya ya samu mai saye, wata Hajiya Zulfa mai gidan abinci a Kaduna, kuma tayinta ya fi na kasuwarku nesa. Na kira Baba a Tafoki, na ce in sallama? Sabis na ta tsinkewa, amma na ji ya ce albarka. Sai na sallama. Har ta sanar da masu cin abincinta. Ka nemo mota kafin Juma'a.

Ka gaida Anti Khadijatu.
Ƙanwarka, Rukayya

Sabuwa, Laraba

Rukayya, wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma takardarki ta hana ni cin tuwo.

Wane wake kika sallama? Waken sayarwa ɗaya ne a gidan Baba, kuma tun yana gona Baba ya yi wa Malam Audi alkawarinsa. Kin manta ko waye Malam Audi? Lokacin da 'yan bindiga suka tare hanya, direbobi duk suka daina shiga Tafoki, motarsa kaɗai ke zuwa. In aka saɓa masa, ba mu kaɗai zai bari ba, duk ƙauyen ne. Ke kina zaune kan kujera kina latsa waya, mu ne ke haɗa ido da mutane.

Kuma wace albarkar kika ji? "Allah ya sa albarka" ta gama ciniki, ko "albarka" ta ƙin tayi? Ke da kika tashi a gidan manomi!

Ki ba matar haƙuri. Allah ya kyauta.
Yayanki, Bilya

Kankara, Laraba da yamma

Yaya, barka da yini.

Kalmar kaɗai na ji, layin ya mutu. Abin da zuciyata ke so shi na ɗauka. Na ba Hajiya Zulfa haƙuri, ta ce in Juma'a ta wuce ba wake, za ta baza hotona ta ce 'yar damfara ce. Masu sayen daddawar Inna da kuli-kulin matan Tafoki duk ta shafina na waya suke zuwa. Shi Malam Audi ya san fuskar Baba, ni kuwa sunan nan kaɗai gare ni. Ai ni ma kasuwa nake ci, ba wasa ba. Kuma da kun taɓa gaya mini abin da kuka yi alkawarinsa, da ban ɗora hoton ba.

Wayar Baba ba ta shiga. Na aika masa takarda ta hannun direban Faskari. Ina jin tsoro, Yaya.

Ka huta lafiya.
Rukayya

Tafoki, Alhamis

Bilya da Rukayya, ina gaishe ku. Malam Nasir na makaranta ke rubuta mani.

Albarkar ƙi na ce. Amma ɗiyata ta riga ta ba da baki, bakinta kuwa nawa ne. Audi ya ɗauki nashi. Ita matar Kaduna, na buɗe rumbun waken iri, na auna mata. Daga yau kowa ya tambayi ɗan'uwanshi kafin ya sallama.

In ruwa ya sauka ban san mi zan shuka ba. Rukayya, ki duba mani cikin wayar taki ko akwai mai saida iri.

Allah ya yi maku albarka. Wannan kam ta gaske ce.
Babanku, Gide