Na Rufe Bakina a Liyafar Taurari

Zuwa ga Kawu mai girma,

Bayan gaisuwa cikin ladabi da biyayya, ina addu'ar Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, Auta kuwa ya fara rarrafe. Dalilin wannan takarda shi ne wata taƙaddama da ta ɓarke tsakanina da Yaya, wadda nake so ka ji haƙiƙaninta daga majiya mai tushe.

Ka san otal ɗin da Yaya take aikin kai abinci tebur. Ranar Asabar da yamma aka shirya gagarumar liyafar karrama taurarin fim a can. A matsayina na mai digiri a fannin sadarwa, na ga bai dace a yi irin wannan taro ba tare da ni ba. Na sa kwat ɗina, na ɗauki kwandon furanni daga motar masu ado, na bi ta ƙofar kicin, na zauna a wata kujera da ba kowa. Kawu, ga mawaƙin nan mai farin gilashi a gabana, ga jarumar da Inna ba ta barin shirinta ya wuce a damana!

Ana cikin haka sai ga Yaya da tire. Muka haɗa ido. A bayanta manaja ne, wanda dokarsa ita ce duk ma'aikacin da ya shigo da ɗan'uwansa, a ranar zai bar aiki. Ya dube ni, ya dube ta, ya sake dubana. Nan take na tuna wushiryarmu ta gado: in na buɗe baki, aikin Yaya ya tafi. Daidai lokacin jarumar ta juyo da fara'a tana tambayar abin da na karanta, tambayar da na daɗe ina jiran wani babba ya yi mini. Na datse leɓɓana. Manaja ya nemi katin gayyata, na girgiza kai. Ya tambayi wanda ya shigo da ni, na nuna rufi. Haka masu gadi suka riƙe ni ta kafaɗa har titi, ban furta ko harafi ɗaya ba.

Yaya tana nan a bakin aikinta. Sai dai ko gaisuwata ba ta amsawa, kuma ta shaida wa Inna cewa ba ta da ƙane sai Auta. Ina roƙonka ka kira ta, domin maganarka kaɗai take ji. Ka bayyana mata girman sadaukarwar da na yi, in kuma ta ƙi fahimta, ka ce mata kawai ta yi haƙuri, gidan ba daɗi.

Ka miƙa gaisuwata ga Gwaggo da tagwaye. Allah ya bar zumunci.

Ɗanka mai biyayya,
Ɗan Boko