Baba Ya Ƙwace Gem Ɗin Bulo

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Bebeji kowa kalau, ban da ni, raina a ɓace yake.

Gem ɗin hannun da ka aiko mini, mai jera bulo, kwana biyu kacal na yi da shi Baba ya ƙwace, wai zai hana ni zuwa gona. Yanzu shi ke bugawa a zaure! Ka san magini. Da ya ga layi ya cika ya ɓace sai ya ce, "Wannan wane irin ginin banza ne?" Tun daga ranar nan, da gangan yake barin gurbi a kowane layi, wai taga. Katanga ta kai sama, wasa ya mutu, ya ce ɗaki ya tashi.

Na ce, "Baba, faɗuwa fa kuka yi."

Ya ce, "Shekara talatin ina gini, kai za ka koya mini?"

Don Allah ka rubuto masa ya ba ni abina, kai kaɗai yake saurare. Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a, don Baba yanzu tambaya yake ko akwai gem mai rufin kwano.

Ƙaninka,
Habu