Fedar Kulocin Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna da sauƙi, sai dai likita ya ce kada ta kuskura ta tsallake zuwa asibiti ranar Laraba.

Yaya, maganar motar Baba ce ta hana ni sukuni. Tun bayan rasuwarsa, duk safiya sai mu tarar da fedar kuloci kwance a ƙasa kamar an taka, alhali motar a kulle take, makulli a aljihuna. Sai na sa yatsan ƙafa na ɗago ta. Inna ce ta fara lura. Kullum da sassafe takan je ta leƙa ta gilashi, ta dawo fuskarta a sake, ta ce Malam ya zo duba motarsa. Na yi mata wasa cewa ashe har yanzu bai yarda da tuƙina ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ni ma tsigar jikina tashi take yi.

Larabar da ta wuce giya ta ƙi shiga a tsakiyar mararraba, Inna na ciki, babbar mota na danna mana hon. Da ƙyar aka tura mu gefe, asibitin da ba mu je ba ke nan. Da muka dawo na buɗe kofin man kuloci, ya kusa ƙafewa. Fanfon kuloci na ƙasa a bushe yake, ba ya yoyo, amma da na ɗaga shimfiɗar ƙarƙashin fedar sai na ji ta jiƙe. Makanike ya ce robar fanfon sama da ke bayan fedar ce ta cinye, mai na zurarewa, iska na shiga, sifirin ɗin da ke jikin fedar ya ja ta ƙasa. Inna ta ce kada a taɓa. Na taɓa, na canza robar.

Ka san fitar da iska daga kuloci aikin mutum biyu ne, kuma babu kowa a gida sai ita. Na zaci za ta ƙi, sai kawai ta tuɓe takalmi ta zauna a kujerar Baba. Ashe tun kafin a haife ka ita ke taka masa. Na kwanta ƙarƙashin mota da sufana, ina cewa ta taka, ta riƙe, ta saki. Wallahi Yaya, muryar da ta fito daga bakina ba tawa ba ce, ta Baba ce, har da gyaran muryar nan tasa. A zagaye na huɗu na ce ta saki, ba ta saki ba. Na leƙo na ga ƙafarta na danne da fedar, hawaye na zuba, tana roƙona in sake faɗa.

Yanzu fedar ta yi tauri, giya na shiga lafiya lau. Inna kuwa har yau tana zuwa leƙawa. Takan tarar da fedar a tsaye, ta dawo ɗaki fuskarta a ɗaure. Jiya na kama kaina riƙe da sufana, ina tunanin sassauta notin fanfon kaɗan don fedar ta sake kwanciya. Ban yi ba, don Laraba na tafe. Don Allah ka kira ta, muryarka ta fi tawa kama da tasa.

Ka gaishe da uwargida da Auta da Kawu.

Ni ne ƙanenka mai kewarka.