Raka Baƙi Bayan Rikici

Ƙanena Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jikin Ladi, da yara, da zaman Legas?

Ka ce za ka dawo in koya maka raka baƙi masu yawon buɗe ido. A da, in ka san hanyar ruwan Matsirga da inda dutse ke santsi, shi ke nan. Yanzu sai ka tambayi sunan baƙo kafin ka zaɓi unguwar da za ku bi.

Jiya wani Bature ya ce ƙonannun gidaje yake son gani. Har namu muka shiga, bai sani ba. Ya tsayar da ni a ƙofar ɗakin Mama, ya ce in yi murmushi. Na yi.

Zauna inda kake. Ka sa mu a addu'a, ka gai da Kawu.

Yayanka,
Yohanna