Kukana Kan Hana Ni Zaman Tuwon Juma'a Saboda Guntu

Zuwa ga: Alhaji Abdulgani, Shugaban Ƙungiyar Fataken Hausawa Mazauna Guangzhou
Daga: Maidaji Kallamu, mai gadin sito, bayan kasuwar Baima
18 ga Agusta, 2008

Game da: Hukuncin kwamitin ladabtarwa kan ɗaukar kare a keke

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa, ina gabatar da kukana kan hukuncin ranar 1 ga Agusta, wanda ya hana ni zama wurin tuwon da ƙungiya ke ci in an sauko Juma'a daga Masallacin Huaisheng.

1. An ce na karya dokar gari, amma ba a nuna mini dokar ba. Guntu karen gadin sito ne, a can na same shi. An yi masa rajista da allura, lambar tana wuyansa. 'Yan sanda sun sha tsayar da ni tun da aka tsananta binciken baƙi saboda wasannin Olamfik. Fasfona suke dubawa. Wani cikinsu har shafa kan karen ya yi.

2. An ce akwai haɗari. Ba jan sa nake yi da igiya a gefen titi ba. Kwandon ƙarfe na sa aka yi mini a bayan keken, ina ɗaure shi ta ƙirji. Faɗuwar da na yi ranar 25 ga Yuli, wadda ɗan ƙungiyarmu Malam Alhasan ya kai wa kwamiti labarinta, shi ya buɗe ƙofar motar tasi a gabana. Gwiwata ce ta goge, ban kai ƙarar kowa ba.

3. Maganar tsarki ita ce ta gaskiya, ko da yake ba a faɗe ta a gabana ba. Ni ma na yi karatu gwargwado. Wurin wani tsoho mai facin taya nake barin Guntu, nesa da masallaci, in wanke jiki, in sake riga. In na rufe shi a sito kuka yake yi, matar da ke da gidan da siton yake kuwa ta ce ranar da maƙwabta suka sake kai mata ƙara za ta ba da shi a tafi da shi.

4. An yanke hukuncin ba a kira ni ba. A bakin ƙofa na ji, ina cire takalmi.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a sake zama, a duba keken da takardun, a saurare ni. Iyalina suna Maraɗi. Zaman nan kaɗai ne inda nake jin Hausa a mako, kuma kaɗaici yana damuna. In haɗa kwano da ni ne ba a so, na yafe tuwon, a bar ni in zauna daga bakin ƙofa in ji hira. Tun ranar hukuncin ban yi Hausa da kowa ba sai Guntu. Yana kaɗa jela, amma ba ya amsa sallama.

Ina jiran adalcinka cikin ladabi da biyayya.

Naka,
Maidaji Kallamu