Agwagin Inna Saura Huɗu

Wara, Ngaski
9 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Khaulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigida Malam Aminu da yara. Mun ji an cire wa Inna bandejin ido kuma ta fara gane fuskokin jikokinta, mun yi murna ƙwarai, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai dai zafin bana ya wuce misali. Ruwa ya ja baya sosai, har Baba Cindo masunci sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kai ga jirginsa.

Yaya, na zaɓi takarda ne don bakina ya kasa. Sau uku Inna tana karɓar waya daga hannunki ta tambaye ni agwaginta, sau uku ina cewa suna nan lafiya lau. Ƙarya nake yi. Cikin ashirin da ukun da ta bar mini amana ranar da kika tafi da ita Kaduna, huɗu suka rage.

Kin san yadda take yi da su. Da asuba ta jiƙa musu dusa da ɗan ganye, ta sake su bakin ruwa su yini cikin kainuwa, sai yamma ta ƙara musu kaɗan. Ni kuwa da ɗan karatuna sai na raina wannan, na ce ai yunwa ce Inna take gana musu. Na ƙudura kafin ta dawo sai na mayar da su tiƙa-tiƙa, a yanka biyu a yi mata walima, a ce Hafizu ya iya. Na hana su zuwa ruwa don kada yawo ya cinye ƙibar, na kulle su a tsohon ɗakin kwanon nan na bayan gida. Na riƙa haɗa musu masara da tunkuza, in zuba man ja in cuɗa, in ba su da azahar idan na taso daga makaranta. Sun yi ƙiba kuwa, har ina kiran mutane su zo kallo.

Gwaggo Marta, maƙwabciyarmu aminiyar Inna, ta leƙo ta ga suna haki, baki buɗe, fukafukai a ƙasa. Ta ce, "Hafizu, wanga abinci na lokacin sanyi na. Wuta kaka zuba musu a ciki, ga wuta bisa kai. Sake su su tai ruwa." Na yi dariya na ce mata kiwon zamani ne. Wallahi duk sanda na tuna dariyar nan sai in ji kamar in nutse.

Cikin mako guda suka fara faɗuwa, kuma mafi ƙiba su suka riga tafiya. Babban toron da Inna take ji da shi na tarar ya sanƙare a bakin kasko. Waɗanda na samu da sauran rai na yanka, sai ga hanta ta yi rawaya, kitse ya lulluɓe ta, tana marmashewa a hannu. Na kai wa Andrew malamin dabbobi hantar, ina fatan ya ce annoba ce in sami abin fakewa. Ya ce babu wata annoba. Abinci mai nauyi da tsakar rana yana ƙara wa tsuntsu zafin jiki, ƙiba ta riƙe zafin, ga shi na hana su ruwan da za su huce. Ya ce yadda tsohuwa take yi shi ne daidai.

Akwai abin da ya fi wannan kunya. Gwaggo Marta ta tausaya mini, ta koro agwaginta goma ta haɗa da namu, ta ce Inna ba ta gama gani sosai ba, a bari sai ta murmure. Yaya, na karɓa. Kwana biyu suna gidanmu ina shirya yadda zan cuci uwata da larurarta. Jiya na mayar mata da kayanta na yi godiya.

Don Allah kada ki sassauta. Ki zaunar da Inna ki karanta mata takardar nan tun daga farko, kafin ku hau mota. Ba na so ta shigo gida tana kiransu. Kada ki ce cuta ce, kada ki ce zafi ne. Ki ce mata ni ne, kuma an gargaɗe ni na ƙi ji.

Ki gaida Malam Aminu, da Sufyanu, da 'yar autarki Suwaiba. Baba Cindo da Gwaggo Marta suna gaishe ku. Inna kuwa ba ni da fuskar aika mata gaisuwa sai ta ji wannan tukuna.

Ƙaninki mai neman gafara,
Hafizu